Dalilin da ya sa na ajiye alli a makarantar nan

Wannan zangon ne na ƙarshe gare ni, kuma abokan aiki sun san ba albashi ne ya kore ni ba, duk da shi ma sai an sha jira. Darasin kwadiratik, wato lissafin da ake samun x² (x sau x) a cikinsa, shi ne ya haɗa ni da shugaban sashenmu.

Shi a wurinsa magana ɗaya ce: a rubuta wa yara babbar fomula a allo, su haddace, su yi ta warware tambayoyin WAEC na shekarun baya har hannu ya faɗa. Ni kuwa na ga yaro zai kawo maka amsa daidai, amma ka tambaye shi me ya raba x² da 2x sai ya yi zuru. Shi ya sa na fara da jadawali mai layi uku: 2x, x² da 2ˣ. Na farko yana tafiya 2, 4, 6, 8, kullum ƙarin biyu. Na biyu 1, 4, 9, 16, ratarsa 3, 5, 7, wato ratar ma kanta tana ƙaruwa da adadin da ba ya canzawa, a nan biyu-biyu, kuma wannan ce alamar kwadiratik a duk inda ka gan ta. Na uku ninkawa yake yi: 2, 4, 8, 16. Idan x ya zama 2, dukkansu 4 ne, sai yara su ɗauka jirgi ɗaya ya kwaso su. A 3 ma x² ne a gaba, yana 9, 2ˣ yana 8. Amma a 10 sun zama 20, 100 da 1,024. A 20 kuwa, 40, 400 da 1,048,576. Ranar har 'yan layin baya sai da suka miƙe tsaye don su ga allon da kyau.

Daga nan na kawo musu misalin Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820: x² + 10x = 39. Muka zana murabba'i, muka cike kusurwar da ta rage da 25, ya zama 64, tushensa 8, a cire 5, saura 3. Suka ga inda fomular ta samo asali da idonsu.

Ana cikin haka shugaban sashen ya shigo ba sallama. A gaban ɗalibai ya ce, "Malam, tatsuniya muke biyanka ka yi ko lissafi?" Ya ja jan biro a littafin shirin darasina, ya kai ni gaban shugabar makaranta cewa ina ɓata lokaci ban gama manhaja ba. Ba a ji ta bakina ba. Mako na zagayowa aka mai da ni JSS1, ya karɓe ajin da kansa. Da sakamako ya fito da kyau, shi aka kira gaban taron iyaye aka tafa wa. Ina zaune a wurin. Har yau abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Na koyi cewa duk abin da za ka yi a aji wanda ba ya cikin manhaja, ka sa wani babba ya sa hannu tukuna. Na koyi ajiye kwafin komai. Na kuma gane cewa shirun abokan aiki tsoro ne, ba ƙiyayya ba.

Wanda zai karɓi ajin bana, don Allah kada ya yarda a ce masa yaran nan hadda kawai suka iya. Ya tambaye su me ya sa ɗan acaɓa da ya ninka gudunsa yake buƙatar nisa ninki huɗu kafin birki ya tsayar da shi. Ƙannen waɗanda na koyar ne, wasunsu sun riga sun ji amsar a gida.