Tashoshi huɗu na Detroit da jan biron Malam

A shekarar ƙarshe ta karatun aikin jarida, malaminmu ya ba ni aikin da na raina: in tsara jadawalin manyan tashoshin talabijin huɗu na birnin Detroit a Amurka, kowace da lambarta da mai ita. A zama ɗaya na gama. Inda na ga tambarin ABC, ɗaya daga cikin uwayen kafafen talabijin da ke watsa shirye-shirye a duk ƙasar, na rubuta ABC ce mai ita, inda na ga NBC na rubuta NBC. Da takardar ta dawo, rabinta ta sha jan biro.

Ashe WXYZ, mai lamba 7, shirye-shiryen ABC kawai take ɗauka, kamfanin Scripps ne mai ita. WDIV mai lamba 4 ta NBC take nunawa, amma mallakar Graham ce. Biyun da na dace, ta Fox da ta CBS, sa'a ce kawai, don su ɗin uwayen kafafen ne suka mallake su kai tsaye. Galibin tashoshin ƙasar ƙawance suke yi: mai lasisi daban, mai shirye-shirye daban, kwantiragi ne ya haɗa su. Uwar kafa ta kawo wasanni da labaran ƙasa, tashar gari ta yi nata labaran, a raba lokutan talla.

Abin da ya fi daɗe mini a rai shi ne yadda wannan ƙawancen ke mutuwa kamar auren da aka ɗaura don kuɗi. A ƙarshen 1993 Fox ta ƙwace wa CBS haƙƙin nuna wasannin ƙwallon Amurka na NFL da ta daɗe tana riƙe da su. A 1994 kuma Fox ta shirya da kamfanin New World mai tashoshi da dama, tashoshi goma sha biyu suka yarda su koma gare ta. WJBK ta Detroit, mai lamba 2, wadda a lokacin shirye-shiryen CBS take nunawa, tana cikinsu. CBS ta nemi sabon masauki a wurin sauran manyan tashoshin garin, kowa ya ce yana da nasa. Dole ta sa ta sayi WGPR, ƙaramar tasha can a lamba 62, wadda baƙaƙen fata suka buɗe a 1975, ta sauya mata suna zuwa WWJ. Ginin WJBK bai motsa ba, fuskokin masu karanta labarai suna nan, amma mai kallo ya wayi gari shirye-shiryen da ya saba gani sun yi ƙaura. Na yi ta tunanin tsohon da ke latsa 2 yana neman labaran yamma na CBS.

Na ɗauka ai sanin mai tasha aikin lauyoyi ne, har Malam ya nuna mana wani bidiyo na 2018. Masu gabatar da labarai da dama, a garuruwa daban-daban, wasu a ƙarƙashin tambarin ABC, wasu CBS, wasu NBC ko Fox, suna karanta rubutu iri ɗaya kalma da kalma a kan labaran ƙarya. Abin da ya haɗa su shi ne duk tashoshin na kamfanin Sinclair ne, daga can aka aiko da rubutun. Da jadawalina na farko zan bi, da na ce kafafe huɗu masu gasa ne bakinsu ya zo ɗaya. Nan na gane dalilin da majalisar ƙasar ta sa iyaka a 2004, cewa kamfani ɗaya kada tashoshinsa su wuce kashi 39 cikin 100 na gidaje masu talabijin, ko da yake hanyar lissafin tana da sassaucin da manyan kamfanoni ke shigewa ta ciki.

Na gyara, na raba gurbin uwar kafa da na mai lasisi, na mayar ina taƙama. Malam ya duba, ya zagaye lamba 2 da ke gaban WJBK. Tun da aka kashe tsohon tsarin watsawa aka koma na dijital a Yunin 2009, in ji shi, lambar da ke fitowa a allo suna ce kawai. Ita WJBK a kan zango na 7 siginarta ke tafiya, wato lambar da maƙwabciyarta WXYZ ke amsawa. Ya miƙo mini takardar ya ce in ƙara gurbi na huɗu.