Motar tseren langa-langa: jiki ya tsaya, tayoyi sun hau

Salamu alaikum 'yan uwa masu yankan gwangwani. Ga inda aka kwana kan ƙaramar Ford ɗin nan 'yar 1939 mai ƙofa biyu da nake ƙerawa.

Jiki dai ya tsaya. Da gwangwanin madarar gari na yi shi, saboda ya fi kauri kuma dalma tana kama shi. Na lemo kam kada ku ɓata lokacinku, alminiyam ne, dalma ba ta zama a kansa. Bayan motar ne ya ci mini rai, don a lanƙwashe yake kamar bayan kunkuru. Sai da na fafe guntun katako, na ɗora ƙarfen a ciki, na riƙa bubbuga shi da ƙaramar guduma a hankali kafin ya yarda.

Wani ya ce me ya sa ban sa mata fitilu da gilashi da murfin taya ba. Ai ba motar zuwa biki ba ce. Masu irinta a jihohin kudu na ƙasar Amurka a wancan zamanin kanikawa ne da manoma da ma'aikatan masaƙa, waɗanda ke tonon tsofaffin motoci a bola, su gyara, su fita da su daren Asabar a ƙaramin fili mai zagaye da bai kai mil ɗaya ba. Duk abin da zai fashe ko ya ƙara nauyi cire shi ake yi, ƙofa a ɗaure ta ko a yi mata walda. Da irin wannan Ford ɗin direba Red Byron ya ci tseren farko na NASCAR, ƙungiyar shirya tseren irin waɗannan motoci a Amurka, a Daytona a 1948. Filin Martinsville na jihar Virginia, da aka buɗe a 1947, turɓaya ce zalla sai a 1955 aka zuba kwalta. Don haka na sa raga a gaban lagireto, daga tsohuwar rariyar shayi, kamar yadda suke yi don tare tsakuwa.

Tayoyin ne abin da nake so ku lura da shi. Daga tsohon silifas na yanko su, amma da gangan na sa ta baya ta dama ta ɗara ta hagu girma kaɗan. A waɗannan filayen hagu kawai ake juyawa, to idan tayoyin biyu suna kan sanda ɗaya, babbar tana cin ƙasa fiye da ƙaramar a kowane juyi, motar ta karkata hagu da kanta. Na tura tawa a kan siminti, wallahi sai ga ta tana zagaye ba mai riƙe da sitiyari.

Kejin ƙarfen da ke kare direba ina kan lanƙwasa shi da wayar tayar keke.

Fenti kuma da buroshi zan shafa, ba feshi ba, lambar ma da hannu. Lamba 34 zan rubuta don tunawa da Wendell Scott, baƙar fata ɗan garin Danville na jihar Virginia, bakanike da ya taso a irin waɗannan ƙananan filaye har ya ci babban tsere a Jacksonville a 1963. Gefen dama zan ɗan lotsa shi da kan ƙusa. Wanda ya san dabarar sa fentin mai ya kama farin gwangwani ba ya ɓarewa, ya taimaka mini kafin in buɗe na ja.