Asabar ɗin da na share zaure babu wanda ya zo

Shekara huɗu ke nan ina koyar da Turanci da yamma a zauren gidanmu a Argungu, bayan na taso daga makarantar da nake aiki. Yawancin ɗalibaina 'yan aji shida ne na sakandare masu shirin WAEC da NECO, sai ɗaiɗaikun da Turanci ya kayar suna son sake zaunawa. Mukan fara bayan La'asar, mu tashi kafin Magariba.

Wata Alhamis lokacin yankan shinkafa, na san iyaye na buƙatar yara a fadama, sai na rubuta a allo: *You must not come on Saturday.* Nufina ba dole ba ne, wanda ya samu sarari ya zo mu yi bita. Asabar ta yi, na share zaure, na shimfiɗa tabarmi, na zauna jiran gawon shanu har aka kira salla. Ran Litinin na fara faɗa ke nan, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai kai kac ce kada mu zo." Ta buɗe littafinta ta nuna mini. Gaskiyarta. *Must not* hani ne, wato "kada". "Ba dole ba ne" kuwa *need not* ce ko *don't have to*. Na san wannan tun ina kwaleji, amma hannuna ya bi Hausar da ke kaina, ya ɗauko "dole" ya ɗauko "ba" ya haɗa su.

Kunyar da na sha ce ta sa na sake lale. A da, jero musu mataimakan aikatau ɗin nan guda tara nake yi su haddace kamar karatun allo: *can, could, may, might, must, shall, should, will, would*. Sai in bi da doka: aikatau ɗin da ya biyo su tsirara yake zuwa, ba *to* a gabansa, ba *-s* ko *-ed* a wutsiyarsa. *He can swim*, ba *he can swims* ba. Sun haddace sarai, amma a rubutun insha'i sai ka ga an koma 'yar gidan jiya. Abin da ciwo, domin a insha'in WAEC mai kalmomi 450, maki 10 cikin 50 na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya cinye su ƙurmus.

Yanzu sai na raba allo biyu, Hausa a dama, Turanci a hagu, muna neman inda harsunan suka raba hanya.

Na farko da muka kama shi ne *I will can come*. Yaron da ya rubuta haka ba daƙiƙi ba ne, "zan iya zuwa" ya juya kalma da kalma. Hausa ta yarda "za" da "iya" su zauna tare. A daidaitaccen Turanci kuwa waɗannan kalmomi kishiyoyi ne, ba su kwana ɗaki ɗaya. Dole ɗaya ta sauya kama, a ce *I will be able to come*. Da na ce kishiyoyi aji ya ɗauki dariya, kuma daga ranar kuskuren ya yi sauƙi.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri da lokaci, irin su *in, at, on, for, to*. Mu in za mu faɗi inda mutum yake ba mu buƙatar aikatau. "Yana kasuwa", magana ta ƙare. Shi ya sa yara ke rubuta *He must in the market*. A Turanci mataimaki ba ya hawa kan irin wannan yanki kai tsaye, sai an sa masa aikatau a tsakani, ko da *be* ce: *He must be in the market*. To a nan ma akwai wani rami. Wannan *must* ɗin ba ta umarni ba ce, ta hasashe ce, kamar ka ga babur ɗin mutum ba ya ƙofar gida ka ce "lalle yana kasuwa". Idan za ka kore hasashen, *He can't be in the market* za ka ce, ba *must not* ba. Amma *You must be in the hall by nine* umarni ne tsantsa. Siffa ɗaya, ma'ana biyu, sai yanayin magana ya raba gardama. In abin ya wuce kuma, *He must have gone to Jega*, wato lalle ya tafi Jega.

Sai *must to*, wadda ta fi kowace taurin kai. Na lura yara na ganin *You must go to Birnin Kebbi* su ɗauka *to* ɗin ta *must* ce. Ta *go* ce, tana nuna inda aka dosa. *Ought* dai, wadda ita ma cikin mataimakan take, tana yawo da tata *to* a aljihu. Wannan ya kai mu ga abin da nake ganin ya fi komai amfani: ƙaramar kalmar ta aikatau ce, mataimaki ba ruwansa da ita. Mu mukan ce "jira ni", "saurare ni", Turanci kuwa sai *wait for me*, *listen to me*, ko *should* ta zo gaba ko *must*. Wani wurin kuma mu ne ke ƙarawa. "Mu tattauna a kan batun" yakan haifi *we should discuss about*, alhali *discuss* ba ta son *about*. Na daina ba su aikatau shi kaɗai su haddace. *Apply for*, *depend on*, *look after*, kowanne da abin goyonsa yake shiga littafi.

*May* da *might* ban wahalar da yara a kansu ba. Duka "wataƙila" ne, ta biyun ta ɗan fi rauni, kuma *may* tana neman izini.

Bana da yankan shinkafa ya zo, na tsaya na duba allo sau biyu kafin in rubuta *You need not come on Saturday*. Mutum shida suka zo. Na bakwai ya iso gab da tashi, taɓo har gwiwa, ya tsaya bakin zaure ya ce, "Malam, *may I enter inside?*" Yarinyar da ke kusa da ƙofa ta ce masa ya ajiye *inside* ɗin a waje tare da takalmansa.