Tarihin rayuwar Mariama Gamatié Bayard, kashi na 3: daga tattakin 13 ga Mayu zuwa dokar kaso

Makon jiya mun tsaya a inda ƴar Maraɗin nan, wadda aka haifa a 1958, ta komo gida da karatun da ta yi a Faransa. Yau za mu shiga shekarun da sunanta ya fita, tare da bin sawun abin da gwagwarmayarta da ta ƴan uwanta mata ta haifar a zauren majalisar dokoki.

Nijar ɗin da ta tarar ta mulkin soja ce, daga baya ta zama ta jam'iyya ɗaya. Ƙungiyar mata ma ɗaya ce tilo, AFN, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Seyni Kountché, kuma a inuwar gwamnati take. Sai a 1987 aka fara ganin mace cikin gwamnati, Moumouni Aïssata. A zaɓen 1989 mata 5 suka shiga majalisa mai kujeru 93, dukkansu a ƙarƙashin MNSD, don babu wata jam'iyyar da za a shiga.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Daga nan ƙasa ba ta sake kwanciya ba. Ƴan ƙwadago da ɗalibai suka matsa, har shugaba Ali Saibou ya amince da jam'iyyu barkatai da kiran Babban Taron Ƙasa. Aka kafa kwamitin da zai share wa taron fage, mai mutum 68. Mace ɗaya ce a ciki.

A duba wannan lissafi da kyau, don a kansa komai ya ginu. Kwamitin share fage shi ke tsara su wa za a gayyata, kujera nawa kowane ɓangare zai samu, da batutuwan da za a tattauna. Wanda ba ya cikin masu rabon tuwo ba zai zaɓi malmalarsa ba. Abin da ya fi ciwo, waɗanda suka yi wannan rabo ba sojoji ba ne kaɗai. Har da ƴan ƙwadago da sababbin jam'iyyu da ɗalibai, masu kiran dimokuraɗiyya safe da yamma. Kowane ɓangare aka ce ya kawo wakilansa, sai ya kawo maza.

Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka fito titunan Yamai, suka nufi ofishin firaminista. Mariama Gamatié na cikin jagororin wannan tattaki. Abin da ya sa ya ci nasara, a ganinmu, shi ne buƙatar ba ta da rassa. Ba su tafi da dogon jerin koke-koke ba. Magana ɗaya suka riƙe, wadda ake iya ƙirgawa da yatsu: a ƙara mata a kwamitin. Hukuma ba ta da inda za ta ɓuya da alkawarin "za mu duba", tunda gobe kowa zai ga ko an ƙara ko ba a ƙara ba. Aka ƙara mata 5. A 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya ta mai da 13 ga Mayu ranar matan Nijar, wadda har yau ake bikinta da anko da jawabai. Da yawa cikin ƴan matan da ke ɗinka ankon ba a taɓa gaya musu asalin ranar ba, kuma wannan laifin manya ne.

Babban Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, André Salifou na shugabanta. Mariama ta halarta, aka ba ta jagorancin kwamitin raya karkara. A 1992 ta kafa RDFN, ƙungiyar mata mai cin gashin kanta, wadda ba gwamnati ce ta naɗa mata shugabanni ba.

Daga nan hanya ta yi gargada. Kundin dokar iyali, wanda ƙungiyoyin mata suka mara wa baya don a tsara sha'anin aure da saki da riƙon ƴaƴa, ya gamu da adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci, aka jingine shi a 1994. Mu a nan Maraɗi mun san nauyin maganar malamai a kowane zaure. Daftarin da aka rubuta da Faransanci a Yamai, kan abin da ya shafi cikin ɗakin kowa, ba zai wuce ba muddin malaman unguwa da iyaye mata na karkara ba su ji shi da Hausa sun yarda ba. Matan da aka kora da goyo babu ko kwanon hatsi su suka ci gaba da biyan kuɗin wannan rashin jituwa.

A majalisa ma baya aka ci. Dimokuraɗiyyar da aka yi wa tattaki ba ta ƙara yawan mata ba: bayan zaɓen 1995 su 3 ne cikin 83, a zaɓen 1999 kuwa mace ɗaya ta rage, Aïssata Mounkaïla ta MNSD, wadda tana cikin biyar ɗin farko na 1989. Ita kuwa Mariama, a 1997 ta riƙe ma'aikatar sadarwa da al'adu da kakakin gwamnati na ƴan watanni, zamanin shugaba Ibrahim Baré Maïnassara. Za mu komo kan wannan a kashi na gaba, don yana buƙatar fili nasa.

Majalisar nan mai mace ɗaya ita ta amince da doka mai lamba 2000-008 ta 7 ga Yuni 2000, wadda ake kira dokar kaso. Ga abin da ta ƙunsa. A muƙaman zaɓe, wato depite da kansila, kada kason kowane jinsi ya gaza 10 cikin 100. A muƙaman naɗi, ministoci da manyan ma'aikata, kada ya gaza 25 cikin 100. A lura, dokar ba ta ce "mata" ba. Cewa ta yi ko wane ɗaya daga cikin jinsunan biyu. Wannan dabara ta toshe bakin mai cewa an fifita wani a kan wani, tunda a rubuce namiji ma dokar ta kare shi.

Ƙarfin dokar yana wurin da ba kowa ke kallo ba. Ƙasashe da dama sun tsaya kan cewa a sa mata cikin jerin ƴan takara, sai jam'iyyu su jera su a can ƙasa inda kujera ba ta kaiwa. Ta Nijar ta bi har zuwa sakamako. Dokar zartarwa ta Fabrairu 2001 ta ce jam'iyyar da ta ci kujeru 3 ko fiye a mazaɓa ɗaya dole kason ya bayyana cikin waɗanda za su zauna a kujerun. A tsarin zaɓen kafin juyin mulkin 2023, mai zaɓe a nan jam'iyya yake jefa wa ƙuri'a, ba mutum ba. Ana raba kujerun jaha gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, sannan kotun tsarin mulki ta tabbatar da sakamako. To idan jam'iyya ta ci 3 a jahar Maraɗi, ba za ta kai maza uku ba. Shi ya sa a zaɓen 2004 aka tashi daga mace 1 zuwa 14 cikin 113, wato sama da kashi 12, fiye ma da abin da dokar ta nema. A 2014 aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15, a 2019 zuwa 25, na naɗi kuma zuwa 30. Bayan zaɓen Disamba 2020 matan majalisa sun haura 40.

Sai dai kowace ƙofa tana da inda take cijewa, kuma mai son tsayawa takara ya kamata ta san wuraren tun kafin ta sayi ko hula ɗaya ta kamfe.

Na farko, warwatsuwar ƙuri'a. A majalisa mai kujeru 171 ta kafin juyin mulkin 2023, jahar Maraɗi na da 31, ga kuma kujera ɗaya ta mazaɓar musamman ta Bermo. Bisa ƙa'idar 2001, jam'iyyar da ta tsira da kujera ɗaya ko biyu ba ta da bashin kowa, kuma kusan kullum shugabanta na jaha ne ke zama a kai. Idan ƙananan jam'iyyu da yawa suka yagi ɗaya-ɗaya, kason mata a jahar sai ya ragu ba tare da an karya doka ba. Mazaɓa mai kujera ɗaya irin Bermo kuwa ba a iya raba ta da kaso.

Sannan akwai batun mai kujera da mai jiran gado. Kowane ɗan takara yana da wanda zai maye gurbinsa in ya rasu ko aka ba shi minista. An sha lallashin mace da wannan matsayi na biyu, ta yi yawon gida-gida, ta tara mata a filin taro, ta kashe abin hannunta, a ƙarshe ba ta ga cikin zauren ba. Kafin ki sa hannu, Hajiya, ki nemi a nuna miki takardar da za a kai hukumar zaɓe, ki ga a wane layi sunanki yake.

Takardu su ne suka fi kayar da matan karkara. Ana neman takardar haihuwa, ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta ga wadda ba a yi wa rajista ba, da takardar shaidar zama ƴar ƙasa, da ta shaidar rashin laifi wadda ba ta tsufa ba, ga kuɗin ajiya na jerin. Takardar ƴar ƙasa ba ta fita sai da ta haihuwa, don haka wadda ba ta da ta farko sai ta fara daga kotu, da shaidu, watanni kafin a buɗe karɓar takardu. Sunan da aka rubuta iri biyu a takardu biyu ya isa ya jawo matsala. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara wani sharaɗi: aƙalla kashi 75 na ƴan takarar kowane jeri su kasance da BEPC, wato takardar kammala kwaleji. A zaɓen 2011 an yi watsi da jerin sunaye da dama saboda rashin cika sharuɗɗa, har manyan jam'iyyu suka rasa damar tsayawa a wasu jahohi.

Wannan sharaɗi na BEPC ya taɓa Maraɗi fiye da ko'ina. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa kashi 89. Yarinyar da aka cire daga lakkol tana aji biyu na kwaleji ba aurenta kawai aka yanke ba, an rufe mata kashi uku cikin huɗu na gurabun takara tun ba ta san da su ba. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace, amma takarda ba ta kai yarinya makarantar da ke nesa da garinsu ba, ba ta kuma samo mata gidan da za ta sauka lafiya ba.

To daga ina matan da suka cika gurabun suka fito, musamman a ƙananan hukumomi? Da yawa daga asusu. A shekarar tattakin nan ta 1991, a ƙauyukan jahar Maraɗi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara, wanda ya ɗora kan adashen da iyayenmu suka sani. Mata kamar 25 zuwa 30 ke haɗuwa sau ɗaya a mako, kowa ta zuba abin da aka yi ittifaƙi a kai, ko da ƴan daloli ne. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullai a hannun mata daban-daban, akwatin kuma a ɗakin wata, don kada mutum ɗaya ya iya buɗewa. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi. Mai son jari ta ranta na ɗan lokaci, ta yi ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa ko kiwon tunkiya, ta mayar da ɗan ƙari. Bayan wata tara zuwa shekara a fasa asusu a raba, galibi gab da damina ko salla. Tun da yawancinsu ba su yi boko ba, da ka ake riƙe lissafin, kowace mace ta san bashin ta kusa da ita.

Inda yake lalacewa sananne ne: a bai wa mace rance alhali mijinta ne zai kashe, ko shugaba ta riƙa buɗe akwati ita kaɗai, ko shekarar yunwa irin 2005 ta zo kowa ya nemi rance lokaci guda babu mai mayarwa. Ƙungiyar da ta tsallake waɗannan ta koya wa matanta zaɓen shugaba da ma'aji, magana a gaban taro, da tuhumar lissafi ba tare da faɗa ba. Wannan shi ne aikin kansila. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a Yuli 2004, jam'iyyu suka shiga neman matan da za su cika kaso, kuma matan asusu na cikin waɗanda aka tarar a shirye, da jama'arsu a bayansu.

Kason naɗi shi ne ya fi shan wuya. Jerin ƴan takara yana da kotun da za ta mayar da shi, amma an sha kafa gwamnati da naɗa gwamnoni da shugabannin ma'aikatu ba a kai kashi 25 ba, abin ya tsaya a sanarwar ƙungiyoyin mata. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma babu zaɓaɓɓiyar majalisar da za a auna kason zaɓen a cikinta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan watanninta na minista a 1997, da aikin da ta yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya a Gine Bisau da Kodebuwa da Burundi, sannan zaɓen 31 ga Janairu 2011, inda ta zama mace ta farko da ta nemi kujerar shugaban ƙasar Nijar, ta samu ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u.