Dardumar Kashka'i da na raina a Shiraz

A kasuwar Wakil ta birnin Shiraz, a ƙasar Iran, na fara taɓa dardumar Kashka'i, kuma na sha kunya. Dattijon mai shagon ya shimfiɗa mini wata tsohuwa, ja mai duhu, ƙananan tsuntsaye da awaki warwatse a cikinta. Ni kuwa aibi kawai nake hange: jan ya sauya daga tsakiya kamar an ja layi, gefe ɗaya kuma ya ɗara ɗaya faɗi. Na ce wa tafinta ya gaya masa a rage kuɗi, kayan da matsala. Dattijo ya yi dariya, ya sa aka kawo shayi.

Ashe abin da na kira aibi shi masana ke biya. Kashka'i makiyaya ne na lardin Fars, harshensu dangin Turkanci. Da zafi su hau duwatsun Zagros, da sanyi su gangaro kudu, kamar yadda Fulaninmu ke bin ciyawa. Mata ke saƙar, a masaƙar da ake kafawa kwance a ƙasa da turaku. In tashi ya zo sai a tuge, a naɗe aikin da ba a gama ba, a ɗora wa dabba. A sabon masauki ɗaurin zare ba ya komawa yadda yake, daga nan karkacewar. Ulun kuma kaɗan-kaɗan ake rinawa, tukunyar yau ba ta yin daidai da ta watan jiya. Wannan sauyin launi suke kira abrash. Jan daga saiwar wani tsiro da suke kira runas, rawaya daga ɓawon rumman, shuɗin kuwa baba ne, irin na marinar Ƙofar Mata.

Dattijon ne ya koya mini duba bayan darduma kafin fuskarta: ƙullin hannu ba ya jeruwa tsaf kamar na inji. Ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a kan jan, ya fito fes. Na biya, ban ƙara tayawa ba.

Wautar a gida na tafka ta. Don tsananin so na naɗe ta cikin leda, na tura ƙarƙashin gado damina guda. Ranar da na buɗe, asu ya cinye kusurwa ɗaya, har da rabin wani tsuntsu. Yanzu a falo take, ana takawa, lokaci-lokaci in kakkaɓe ta a inuwa ta sha iska. Tsuntsun yana nan ba wutsiya.