Kwana uku a Kiyoto da safa mai huda

Taro ne ya kai ni Osaka a watan Nuwamba. Da aka tashi sai na ce ai ba zan koma gida ban leƙa Kiyoto ba, tunda tafiyar rabin awa ce kacal a jirgin ƙasa. Garin ya yi fiye da shekara dubu yana fadar sarkin Japan, tun daga 794. Na zauna na jera wurare goma sha ɗaya da zan gani cikin kwana uku. Haɗama ce zalla, irin ta wanda ya shiga gidan biki da yunwa.

Ranar farko da hantsi na nufi Kinkaku-ji, wurin ibadar mabiya Buddha da aka lulluɓe benayensa biyu na sama da zinare. Ginin da ake gani yanzu na 1955 ne, domin na asali wani matashi mai hidima a wurin ya banka masa wuta a 1950. Kyau kam akwai shi, musamman yadda hotonsa ke kwance a cikin tafkin da ke gabansa. Sai dai ta saman kawunan mutane na hango shi. Cinkoso kamar ranar hawan daushe, ka tsaya ɗaukar hoto na baya ya ingiza ka. Ban yi minti ashirin ba na tsinci kaina a ƙofar fita.

A fadar Nijo na sha kunya. Tokugawa Ieyasu, shogun na lokacin, wato shugaban soja mai riƙe da mulkin ƙasar, shi ne ya sa aka gina ta a 1603, kuma ba a shiga cikinta da takalmi. Ina cire nawa sai ga babban yatsana ya leƙo ta cikin safa, ga jama'a kowa tsaf. Haka na riƙa naɗe yatsan ina tafiya kamar mai ƙaya a ƙafa. Abin da ya mantar da ni shi ne daɓen katakon barandar: duk inda ka taka sai ya yi tsuwa kamar ƙananan tsuntsaye. Ƙarafan da suka riƙe katakon ne ke gogar ƙusoshi ta ƙasa, ana kuma cewa hakan na tona asirin mai sanɗa da dare. Na gwada sanɗar da dukkan dabarata, daɓen ya ƙi rufa min asiri. A wannan fada ce shogun na ƙarshe, Yoshinobu, ya sanar da mayar wa sarki mulki a 1867.

Abinci ma sai da lura. Romon taliyarsu yawanci da ƙashin alade ake yinsa, kuma suna zuba wata giyar shinkafa mai zaƙi, mirin, a girki da yawa. Tofu, wato awararsu, da dunƙulen shinkafa na kanti su suka riƙe ni, shi ma sai na duba abin da aka rubuta a jikin leda. Ledar kuwa a jakata take wuni, don kwandon shara ya yi ƙaranci a titi.

Da dare na nuna wa dattijuwar da ke kula da masaukina jerin nan nawa. Ta yi murmushi, ta ɗora yatsa a kan Fushimi Inari, wani wurin ibadar mabiya addinin Shinto, ta rubuta ƙarfe shida a gefe.

Ina idar da sallar asuba na kama jirgi. Minti biyar ne daga babbar tashar Kiyoto zuwa Inari, ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma rufe wurin. Dubban ƙofofin katako masu launin ja-ja sun jeru har saman dutse mai tsayin mita 233, kana tafiya a cikinsu kamar a dogon zaure. Masu bin addinin Shinto na ɗaukar Inari, abin bautar wurin, a matsayin majiɓincin shinkafa da kasuwanci, shi ya sa 'yan kasuwa da kamfanoni ke sayen ƙofofin. Sai da na waiwaya na ga kowace an rubuta sunan mai bayarwa da kwanan wata a bayanta. Daga ni sai wani tsoho mai shara da hankaki suna kuka. Na tsaya a mararrabar Yotsutsuji, garin na shimfiɗe a ƙasa, gwiwoyina na rawa. Da nake saukowa wajen ƙarfe tara, hanyar ta cika maƙil.

Ranar ƙarshe na soke sauran wuraren, na shiga wani ƙaramin shagon rini. Ana ɗaure yadi ƙulli-ƙulli da zare kafin a tsoma shi a baba, suna kiran aikin shibori. Warin da ya buge ni a bakin ƙofa na marinar Ƙofar Mata ne sak. Na nuna wa marinin hoton karofin Kano a wayata, ya daɗe yana zuƙo shi da yatsunsa masu shuɗin farce, sannan ya kira matarsa ta zo ta gani. Na sayi ƙyalle ɗaya a wurinsa, a hanyar tasha kuma na sayi safa ƙafa uku.