Godiya Bayan Ruwan Alau

Alhamdu lillahi, sai yanzu na samu natsuwar rubuta wannan godiya. Ba sai na maimaita abin da ya faru bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ke kusa da Maiduguri a wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024 ba, domin kun san yadda muka fito daga unguwar Gwange ruwa iya ƙirji, kuma ku ne kuka yi ta yaɗa hoton 'yata mai shekara biyar cikin kwana huɗun da muka yi ba mu san inda take ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yammacin da aka kira ni sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi. Na tarar da yarinyar zaune a kan tabarma, ta damƙe gefen hijabin wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wadda yaran wurin suke kira Anti Mai Littafi. Na zabura zan ɗauke ta, sai matar ta ɗaga mini hannu ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, zauna tukuna." Ta tambaye ni sunan yarinyar da na mahaifiyarta da wata alama a jikinta, na ce akwai tabon ƙuna a ƙafar hagu, ta duba littafinta, sannan ta juyo da fuskar yarinyar ta jira har ita da kanta ta miƙo mini hannu. Raina ya ɓaci a lokacin, ba zan ɓoye ba. Sai daga baya na gane cewa a irin wannan hargitsi kowa yana iya cewa yaro nasa ne, kuma waɗannan tambayoyi ne suka tsare mini ita tsawon kwanakin da ba ta furta ko kalma ɗaya ba.

Aikinta bai ƙare a nan ba, domin sau biyu ta biyo mu inda muka samu mafaka, ta ja kunnenmu kada mu yi wa yarinyar faɗa idan ta yi fitsarin kwance ko ta firgita da ƙarar ruwa a kan kwano, kuma ita ta nuna wa maiɗakina inda ake rajistar tallafi. Ta roƙe ni kada in ambace ta, amma na kasa.

Ina gode wa mai unguwarmu, da limamin masallacinmu, da matasan da suka fito da mahaifiyata a kwalekwale. 'Yan'uwan da har yau saƙon waya kawai muka gani daga gare su, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Anti Mai Littafi, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya raya zuri'arki, ya tsare su kamar yadda kika tsare tawa. Allah ya jiƙan waɗanda ruwan ya ci, ya haɗa iyayen da suke cigiya da 'ya'yansu. Amin.